Saitin Murya Ma Dukiya Ce



Kwanan baya na zauna a wani ɗan situdiyo a Dutsin-Ma, inda mawaƙan biki da 'yan siyasa ke zuwa daga Kurfi da ƙauyukan kewaye. Wani matashi ya kwashe awa biyu yana gyara muryar mawaƙiya a FL Studio. Ya rage kaifin Auto-Tune, ya ɗan ƙara amsa-kuwwa, ya danne ƙarar janareto da ta shiga makirfo, har murya ta zauna daram a kan kalangu. Sai aka ɗauke wuta. Bai adana ba. Na ga ya dafe kai, ya yi shiru.

Wallahi abin ya taɓa ni, domin wannan saitin shi ne hannun mai kiɗa, da shi ake gane aikinsa tun kafin a ji sunansa. Kowane fulogin, wato manhajar gyaran sauti irin su Auto-Tune, yana ba ka damar adana saitinsa daban da waƙar, ka raɗa masa suna. To, raɗa sunan da za ka gane: muryar mace ta biki, muryar namiji ta bege. "Sabo 1" da "sabo 2" ba za su tuna maka komai ba bayan Sallah.

Sannan fayil ɗin waƙa ba ya ɗauke da sautukan da ka jawo daga waje, sai ka dunƙule aikin a zif. Kwafi babban fayil ɗin Image-Line, inda FL Studio ke ajiye saitin da ka adana, zuwa filashi duk Juma'a, ka bar filashin a gida, kwamfuta a shago.