Haɗarin da Ido Ya Saba da Shi

 

Da an ce haɗari, hankalinmu kan tafi hanya: 'yan fashi, ramuka, ko kwalekwale a kogin Binuwai idan an saki ruwan Lagdo, kamar yadda muka gani a 2012 da 2022. Waɗannan muna tsoronsu, shi ya sa muke shirya musu. Wanda ya dame mu yau shi ne mai kwana da mu a shago da sito, wanda sabo ya sa ido ya daina ganinsa.

Ga fetur ɗin zuwa-zuwa. Jarka na bayan ƙofa, mai shayi na hura wuta a bakin rumfa, mu ce ai da tazara. To, tururin fetur ne ke fara kamawa. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya tarar da garwashi, wutar kuma ta biyo sawunsa zuwa jarkar.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙwayar maganin da muke jefawa cikin wake da masara, irin su Phostoxin. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai guba, wadda ke ratsa buhu da tsagar bango. Mu kulle sito mu tafi gida, yaron gadi ya shimfiɗa tabarma a ciki. Da safe ya tashi da ciwon kai, amai da nauyin ƙirji, mu ce zazzaɓi ne, mu ba shi kuɗin magani. Wani ba ya ma tashi. Duk siton da aka ji warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, a fita, a buɗe ƙofa, kada kowa ya kwana. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, kuɗinsa kuma bai kai na asibiti ba.

Roƙonmu ɗaya ne. Kowane mai sito ya ware rana guda a mako ya zagaya kamar baƙo, ya dubi tarin buhun da ya karkace da wayar wutar da ɓera ya ci. Ya tafi da ɗan dako, ya tambaye shi inda yake jin tsoro, kuma in ya faɗa kada a yi masa tsawa. Abin da aka gano, a kawo wa shugaban reshe kafin taro mai zuwa.