Jawabi Game da Aikin Lissafin Juriyar Bututun Mai da Gas

Jama'a, kowane maƙeri a Keffi ya san ƙarfe yana miƙewa in ya sha wuta, ya tsuke in ya huce. Wannan sani na maƙera shi ne tushen wani reshe na aikin injiniya da ƙasar nan ke bukatar masu shi, watau lissafin juriyar bututu.

Ga misali. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, zai ƙara tsawo wajen santimita 6. Abin da ido zai raina ke nan. Amma in an ɗaure shi tamau gaba da baya, ƙarfen ba ya fasa miƙewa, sai ya huce a kan abin da ya tare shi: ko walda ta tsage, ko bakin famfo ya karye, ko bututun ya kantare. Aikin wannan injiniya shi ne ya lissafta zafi, da matsin abin da ke gudana a ciki, da nauyin bututun kansa, da girgizar injuna, sa'an nan ya nuna inda za a tokare, da inda za a sake, da inda za a yi gwiwa don ƙarfe ya sami wurin miƙewa.

An ga abin da rashin wannan lissafi ke jawowa a Flixborough ta ƙasar Ingila. A 1974 wata tukunya ta tsage a masana'antar haɗa sinadarai, aka cire ta, aka maye gurbinta da bututu mai faɗin inci 20, wanda da alli aka zana fasalinsa a daɓen ma'aikata. Ba a yi masa cikakken lissafi ba. Ran 1 ga Yuni na shekarar masana'antar ta yi bindiga, mutum 28 suka rasu.

A da, ɗan Arewa yakan ɗauki wannan aiki na mutanen bakin teku ne, ko da yake matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta bututu ake turo mata ɗanyen mai daga kudu. A 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, tsawon kilomita 614, faɗin inci 40, ya ratsa ta yankin Abuja, maƙwabciyar Keffi. A watan Maris na 2023 kuma kamfanin NNPC ya soma haƙar rijiyar neman mai a ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa. Bugu da ƙari, dokar 2010 ta wajabta a fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai da gas.

To, wa ya cancanci ya sauya sheƙa zuwa wannan fanni? Injiniyan injuna ya fi kusa, don ya riga ya karanta ƙarfin ƙarafa. Na gine-gine yana biye, tun da bututu ɗan'uwan ginshiƙi ne wajen ɗaukar nauyi, sai dai zafi da matsi za su zame masa baƙi. Kowannensu lalle ne ya laƙanci ƙa'idodin ASME: B31.3 na cikin matata da masana'anta, B31.4 na bututun mai, B31.8 na gas. Bayan haka ya koyi manhajar kwamfuta irin su CAESAR II.

A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Wasu kan biya kuɗi masu yawa su yi kwas na 'yan makonni, su fito da takarda, suna zaton sun ƙware. Kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take lissaftawa, ba ta san an manta da wata tokara ba. Wanda bai iya gwada amsarta da alƙalami ba, bai isa ya sa hannu a kan zanen da rayuka suka rataya a kansa ba.

Har wa yau, ya kamata mai iyali ya san cewa wanda ya shekara goma yana gina hanya, in ya sauya, ƙarami zai koma, wataƙila a ƙarƙashin sa'an ƙanensa, albashi ma ya ragu na ɗan lokaci. Yawancin ofisoshin zanen kuma a Legas da Fatakwal suke. Mai niyya sai ya fara tabbatar da rajistarsa da hukumar COREN, sa'an nan ya nemi bayanin horo a Cibiyar Horar da Ma'aikatan Man Fetur ta Effurun, ko tallafin karatu a asusun PTDF da ke Abuja.