Dalma da Halin Yaro

Daga Gusau har Tsafe, idan yaro ya cika rigima ko ya kasa zama wuri ɗaya a makarantar allo, nan take a ce gado ne, halin kakansa ya ɗauko. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ƙwayoyin halittar da ɗa ya gada suna da hannu a yanayinsa. Sai dai Zamfara ta ga wani abin da ke sauya hali ba tare da gado ba.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aƙalla 400 suka rasu. Dutsen zinare ne ake niƙawa a tsakar gida, ƙurarsa cike da dalma, yara kuwa hannu baka hannu ƙasa.

Jiki yakan ɗauki dalma a matsayin sinadarin kalsiyam, sai ta samu hanyar kutsawa cikin ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba, ta dagula saƙonnin jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na dalmar da jikin babba ke tsotsa. Wanda ya tsira yakan tashi da ƙarancin natsuwa, saurin fushi da wahalar karatu. Abin takaici, bulala ake ba shi, maimakon gwajin jini.

A 2025 an sake samun rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu.