Sa'a ta Farko Bayan Saran Maciji ko Cizon Kare

Jawabi ga ikilisiyoyin ƙauyukanmu kafin saukar damina

Damina ta kusa. Nan da 'yan makonni za a shiga sharar gona da shuka, kuma mun san cewa lokacin nan, da lokacin girbi, su ne aka fi jin kururuwa daga gona cewa maciji ya sari wani. Abin da ya tara mu yau shi ne abin da za a yi kafin a kai ga likita. A wannan sa'a ta farko babu likita, babu nas. Daga mata sai miji, sai maƙwabci, sai mai babur. Abin da hannuwansu suka yi shi ne sau da yawa ke raba wanda zai tashi da wanda za a binne.

Bari mu fara da kububuwa, gama ita ce ta fi kashe mutane a yankinmu, musamman a Gombe, Taraba, Adamawa, Bauchi da kudancin Filato. Ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce ƙafa biyu ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. In ta fusata takan goga jikinta, a ji ƙara kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Ba banza kakanninmu suka sa mata suna gobe da nisa ba. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai iya dawowa gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, ya yi hira, kowa ya ce ai da sauƙi. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jini ya fara fita daga dasashi, daga tsohon miki, cikin fitsari ko amai. Wani kuma a cikin kai jinin ke zuba, inda ido ba ya gani. Saboda haka kada mu ce bari mu ga yadda zai kwana. Jiran nan shi ne tarkon kububuwa.

Idan ba a yi magani ba, cikin mutum 10 da kububuwa ta zuba wa dafi, ɗaya ko biyu kan mutu. Amma ku ji abin da ya faru a asibitin Kaltungo a jihar Gombe: daga 2007 zuwa 2009 an karɓi mutum fiye da 6,000 da maciji ya sara, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Da aka bincika, sai aka ga cewa jinkirin zuwa asibiti yana cikin manyan dalilan mutuwarsu. Magani yana nan, kuma yana aiki. Akwai EchiTAb-G da EchiTAb-Plus, waɗanda aka haɗa da dafin macizan ƙasar nan. Ban da Kaltungo, asibitin Zamko a ƙasar Langtang ma ya daɗe yana wannan aiki. A can za a ɗebi jini kaɗan a zuba cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a ɗaura maganin ta jijiya.

To, mene ne namu aikin? A janye mutumin daga inda macijin yake, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. Gudu da firgita suna sa dafi ya yi saurin zagaya jiki. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi tun kafin wurin ya kumbura. A samo sanda ko kara mai kauri a ɗaure tare da ƙafar ko hannun, sako-sako, kamar yadda ake yi wa karaya, don kada gaɓar ta riƙa motsi. Kada ya taka, a ɗauke shi. In babur ne, ya zauna a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai, a kwantar da shi a gefen hagu don kada ya shaƙe. Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru, za a tambaya a asibiti. Iyakar abin ke nan.

Abubuwan da ba za a yi ba sun fi yawa, kuma nan ne gardama take, domin duka da ƙauna ake yin su. Kada a ɗaure sama da wurin da igiya ko roba tamau. Ɗaurin ba ya tsare dafi, jini yake tsarewa, kuma mutane da yawa da aka yanke wa ƙafa, ɗauri ne ya kashe ta, ba maciji ba. Kada a tsaga da reza. Ku duba fa: jinin mutum ya daina daskarewa, mu kuma mu buɗe masa sababbin ƙofofi! Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a tsotsa, kada a ƙona, kada a ba shi burkutu ko wata giya. Don zafi, farasitamol kaɗai za a ba shi. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. Kada kuma a tsaya a kemis a yi masa allura a ɗuwawu, jini zai taru a wurin. Kada matasa su ɓata lokaci suna farautar macijin. In akwai waya kuma ba hatsari, hoto daga nesa ya isa. Ko kan maciji da aka sare yana iya sara.

Mun san wani zai tambaya game da baƙin dutse. Da yawanmu daga hannun mishan muka fara ganinsa, shi ya sa muke girmama shi. An gwada shi, an ga ba ya zuƙe dafin da zai ceci rai. Yana manne wa miki ne kawai don busasshe ne, yana shan danshi. Wani kuma zai ce, ai mai maganin garinmu ya warkar da wane da wane. Ba mu zo mu zagi kowa ba, amma ga bayanin: ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma ko mai dafin ba kullum yake zubawa ba. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa wajen rabin waɗanda maciji ke sara ba sa samun dafi a jiki. Waɗannan za su warke ko ruwan sanyi aka ba su, sai yabo ya tafi ga mai magani. Wanda dafi ya shiga kuwa, shi ne ake kawowa asibiti a rana ta uku, bayan an sayar da akuya.

Haka batun addu'a. Ba wanda ya ce a bar ta. Amma addu'a ba ta bukatar a tsaya, ana yin ta a kan babur. Wasu kan tuna mana da Bulus a tsibirin Malita, mu kuma mukan tuna musu cewa abokin tafiyarsa Luka likita ne. Fasto ya bi su asibiti, zumuntar mata ta durƙusa a gida, mara lafiya kuwa ya kama hanya.

Gargaɗi ɗaya game da maganin kansa. Ba kowace kwalba da aka rubuta maganin maciji a kanta ke aiki a nan ba. Wanda aka yi domin macizan Indiya ba ya kashe dafin kububuwarmu. A wani asibiti a Ghana, da aka canza zuwa irin wannan, mace-mace sun tashi daga wajen 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100. Kada mu saya a kasuwa, kada kuma a yi shi a gida, domin wani jikin yakan ƙi shi nan take, sai da ma'aikacin lafiya a kusa.

Kasa takan kwanta a hanya ba ta gudu, saranta yana kawo mugun kumburi. Kumurci kuma yakan shiga ɗaki da dare neman ɓera, ya sari wanda ke barci a ƙasa. Taimakon farko duk ɗaya ne. In kumurci ya tofa wa mutum dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan da nan, a yi ta zubawa, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

Yanzu mu zo ga kare. Wannan ya fi ba mu tsoro ta wani fanni, domin mikin yakan warke, kowa ya manta. Ciwon haukan kare yakan ɓoye wata biyu ko uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Ranar da ya bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, yana firgita, yawu na zuba, babu asibitin da ke da magani, ko a Jos ko a Ingila. Yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma kafin ya bayyana, ana tare shi sarai.

Aikin farko yana hannun kowace uwa: sabulu da ruwa. A wanke mikin minti 15 cur, ana zuba ruwa yana gangarewa. Minti 15 yana da tsawo, a duba agogo, yaro zai yi kuka, a ci gaba. Sabulun wanki ma ya isa. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, toka ko ƙonannen gashin karen, kada a ɗinke ko a naɗe tamau. Daga nan sai asibiti a ranar, don allurar rigakafi. Ba sau ɗaya ake yin ta ba: akwai ranar farko, ta 3, ta 7, wani tsarin kuma da ƙari daga baya. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya don miki ya bushe, bai gama tsare kansa ba. In cizon mai zurfi ne, ko a fuska, wuya ko yatsu, akwai wata allura dabam da ake yi a cikin mikin, ku tambaya. A tambayi ta tetanus ma. Yaƙushin kyanwa, da kare ya lashi miki, duk hukuncinsu ɗaya.

Idan karen gida ne, a ɗaure shi, a ba shi abinci, a lura da shi kwana 10. In ya wuce kwanakin lafiya lau, a gaya wa ma'aikacin lafiya. Amma ba za a jira kwana 10 kafin a fara allura ba. In ya mutu ko an kashe shi, a kira malamin dabbobi. A Vom kusa da Jos ana gwada kan kare a tabbatar. Kada a feɗe shi, kada a sayar. 'Yan'uwanmu masu sana'ar karnuka, irin masu zuwa kasuwar Dawaki a Kanke, su ne suka fi kowa kusa da wannan hatsari, ya kamata su nemi rigakafi tun kafin cizo. Mu kuma koya wa yara su faɗa. Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron bulala, musamman in an hana shi wasa da karen. Wanda ya zo ya faɗa, a wanke masa, a bar faɗa sai wata rana.

Kunama, ga babba, yawanci zafi ne kawai: a wanke, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha farasitamol. Ga ƙaramin yaro kuwa ba wasa ba ce. In ya fara gumi, amai, zubar yawu ko numfashi sama-sama, a ruga asibiti. Zuma in ta yi harbi, a kankare ƙarin da farce da sauri. In fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya toshe, ko harbin ya yi yawa, wannan ma na gaggawa ne, ko da zuma ɗaya ce ko rina.

Game da tsaro, maciji abinci yake bi. Inda ɓera yake, nan zai zo. A nisanta rumbu da akurki daga ɗakin kwana, a share ciyawa, kada a jibge itace jikin bango, a toshe ramuka. A kwana a kan gado cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma; gidan sauron nan yana tare kumurci da kunama, ba sauro kaɗai ba. Kada a fita da dare ba tocila. A kakkaɓe takalmi da safe. A juya dami ko tarin gyaɗa da sanda kafin a sa hannu. Samari masu haƙar gafiya, ramin da kuke zura hannu ba ku san wanda ya riga ku shiga ba. Yawancin sara a ƙafa ne, don haka takalmin roba mai tsawo ya fi silifa nesa ba kusa ba, ko da yana da zafi.

Ga roƙonmu ga majalisar kowace ikilisiya a zamanta na gaba. A aiki mutum biyu su je asibiti mafi kusa su tambaya ko suna ajiye maganin maciji da allurar cizon kare, in babu, ina ake samu, su kuma karɓo lambar waya. A rubuta sunayen masu babur uku da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, a manna a ƙofar majami'a. A ware ɗan asusu na mai da kuɗin hanya a hannun ma'aji da ke kwana a cikin gari, wanda za a ba da nan take, a yi lissafi daga baya. Ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayo takalma a sari. A kuma gayyaci malamin dabbobi rana ɗaya ya yi wa karnukan gari allura, daga ɗan wata 3 zuwa sama, a maimaita kowace shekara. In karnuka 7 cikin 10 suka samu, ciwon yakan daina yawo a gari. Waɗanda suka fi son rana tsayayya suna iya ɗaukar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, amma batun babur da asusu kam, a gama shi kafin ruwan shuka.