WAƘAR "A SHA RUWA" DA DAREN BARIKI



Za mu yi magana yau a kan waƙar da iyayenmu suka sani sarai, amma ba su son a ji ta a bakinsu, watau "A Sha Ruwa" ta marigayi Alhaji Mamman Shata.

Waƙar nan 'yar bariki ce. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai cinikin gyaɗa da auduga ya tara baƙi a garuruwan nan: akawuna, da leburori, da direbobi. Ga albashi a aljihu, ga shi babu idon dangi. Ashe kuwa dare zai sami kasuwarsa, da gidajen giya, da masu goge, da mata masu zaman kansu. Mutanen wannan dare su Shata ya dubi idonsu ya waƙe.

Shata ba ya rubuta waƙa. Tsayawa yake yi, kalangai na tashi, 'yan amshi na karɓa, yana zuba baiti gwargwadon waɗanda ke gabansa. Saboda haka abin da na'ura ta kama, a faifai ko a kaset, zama guda ne kurum cikin zama masu yawa, kuma in ya lalace ba mai sake shi.

Har yau ana gardama: wasu sun ce zuga mashaya ya yi, wasu sun ce zambo ne ya lulluɓe da kirari. Shata ya rasu a Yunin 1999. Cikin Oktoban shekarar aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, gidajen giya suka rufe. Ba kukan rashinsu muka zo yi ba. Amma wanda ya ƙi sauraron shaida don ya ƙi laifin, yaya zai san yadda aka yi?

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Namu aikin bai kai wannan nauyi ba: mu bi gidajenmu a hutun nan, mu tattaro tsofaffin kaset, mu juye su a kwamfuta, mu tambayi dattawan da suka ga zamanin tun suna da rai.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.