Wari a Matsayin Gargaɗi Tsakanin Halittu



Wannan lacca za ta duba wata tambaya ce guda: me ya sa halittu da yawa masu dafi suke da wari? Dafi shi kaɗai ba ya ceton mai shi, domin kafin tsuntsu ya ji ɗacin ƙwaro ya riga ya fasa shi da baki. Saboda haka mai dafi yana bukatar shela, watau alamar da za ta isa ga maƙiyi tun kafin haƙori ya taɓa jiki. Launi shela ne, amma sai da haske yake aiki. Wari kuwa ba ruwansa da dare, kuma yana ratsa duhuwar ciyawa.

Alal misali, akwai wata fara mai zanen rawaya da ke zama a kan tumfafiya. Tumfafiya tana da dafin da ke taɓa zuciya, amma wannan fara tana cin ganyenta lafiya lau, ta adana dafin a jikinta. Idan aka kama ta, sai ta fesa wani ruwa mai ɗoyi. A shekarar 1967 Miriam Rothschild ta Ingila da abokan aikinta suka tabbatar cewa ruwan da irin wannan fara ke fesawa yana ɗauke da dafin zuciya irin na tsiron da take ci. Dabbar da ta taɓa ɗanɗana ta, da zarar ta sake jin ɗoyin sai ta tuna wahalar da ta sha, ta kauce.

Har ila yau, Rothschild ta nuna cewa ƙwari masu dafi waɗanda ba su haɗa dangi ba suna fitar da wari iri ɗaya, na wani sinadari mai suna firazin. A shekarar 1996 Candy Rowe da Tim Guilford suka jarraba wannan wari a kan 'yan tsaki a Jami'ar Okisfod. Muddin babu warin, 'yan tsakin ba su ƙyamaci tsaba mai launin rawaya ko ja ba. Da aka sa shi, sai suka guje su, suka fi son koriya. Ashe hanci ne ya farkar da ido.

Haka abin yake ga tsirrai. Ganyen zaƙami yana da wari mara daɗi, kuma dabbobin kiwo sukan wuce shi muddin akwai ciyawa. To, amma gargaɗi yana da iyaka. A lokacin fari yunwa takan rinjayi hanci, kuma idan aka yanko zaƙami cikin harawa dabba ba ta da damar zaɓi, sai ta ci ta kamu.

A taƙaice, wari ba shi ne dafin ba, manzonsa ne. Mai warin ya tsira da ransa, mai sunsunawa ya tsira da lafiyarsa. Ya rage ga makiyayi ya duba harawarsa, kada ya kai wa dabba abin da hancinta ya riga ya ƙi.