Gano Cutar Giyar CVT Kafin a Kwance Ta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai





Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gaban malamaina in yi magana a kan abin da na karanta a jami'a, wanda kuma shi ne aikina a sashen kula da motoci na ma'aikatarmu. Batun da na zaɓa shi ne irin giyar nan ta zamani da ake kira CVT, da yadda mai mota zai gano abin da ke damun ta tun kafin a kwance ta. Dalilina shi ne, da yawa daga cikinmu ma'aikata ne da malamai da ƙananan 'yan kasuwa, kuma motar da mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru ya saya, ko ya ci bashin ofis a kanta, ba abin wasa ba ce. Kuɗin sauya giyabos guda yana iya cinye albashin watanni. Abin takaici kuwa, sau da yawa giyar da aka sauke aka jefar ba ita ce mai laifin ba.

Mece ce CVT?

Giyar da muka saba da ita, ta hannu ko otomatik, tana da matakai ƙidayayyu: ɗaya, biyu, uku, har zuwa sama. Ita CVT ba ta da matakai. A cikinta akwai fuli guda biyu, ɗaya yana karɓar ƙarfi daga inji, ɗayan yana miƙa shi ga tayoyi. Kowane fuli faifai biyu ne na ƙarfe masu tudu a tsakiya, kamar malafa biyu da aka haɗa ƙoƙonsu. Bel ɗin ƙarfe yana zaune a kwarin da ke tsakaninsu. Idan faifan suka matso juna sai bel ya hau sama, idan suka buɗe sai ya faɗa ciki. Ta haka mota take ƙara gudu a hankali ba tare da ka ji ta canza giya ba.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: babu haƙori ko ɗaya da ke riƙe bel ɗin nan. Matsi ne kawai da gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato darasin da malaminmu na Fiziks ya yi ta nanata mana muna gyangyaɗi bayan cin abincin rana. Mai ne ke matse faifan da ƙarfin famfo, shi ne ke sanyaya su, kuma shi ne ke daidaita gogayyar. Saboda haka rayuwar wannan giya duka a kan man da ke cikinta take.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da ita a ƙaramar motarsa a 1958, da bel na roba. A 1987 aka fara sayar da motoci masu bel na ƙarfe, irin su Subaru Justy da Fiat Uno da Ford Fiesta. Abin da ya sa ta yaɗu shi ne tana rage shan fetur, domin tana barin inji ya yi aiki a juyin da ya fi masa sauƙi.

Mataki na farko: san irin giyar motarka

Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Amurka ko Turai kafin su iso mana ta Legas ko Kwatano. A cikinsu, Nissan Murano samfurin 2003 zuwa 2024 da Altima tun 2007 suna da CVT. Haka yawancin Honda Accord masu silinda huɗu tun 2013, da Civic tun 2014, da yawancin Toyota Corolla na Amurka tun 2014. Amma Camry mai fetur zalla ta waɗannan shekaru otomatik ce ta gargajiya. Prius kuwa, ko da yake ana kiran giyarta da suna mai kama da wannan, babu bel a cikinta sam, tsarinta daban ne. Sandar giya ba za ta gaya maka ba, domin duk haruffa iri ɗaya ne a jikinta. Littafin mota ko lambar jikinta mai haruffa da alƙaluma 17 su ne za su tabbatar maka. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na biyu: raba ɗabi'a da cuta

Idan ka taka totur sosai a mota mai CVT, za ka ji inji ya ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, mota kuma tana ta ƙara gudu a ƙarƙashinsa. Wanda ya saba da tsohuwar giya zai rantse kuloci ne ke zamewa. Ba zamewa ba ne, halittarta ke nan. Haka kuma a gangara takan ɗaga juyin inji da kanta don ta taimaka wa birki. An sha kwance giya lafiyayya saboda waɗannan abubuwa biyu.

Alamomin cuta na gaskiya guda biyar ne. Na ɗaya, karkarwa ko fizga lokacin da kake tashi a hankali, musamman a cikin cunkoso. Na biyu, zamewa, wato allurar juyin inji ta yi tsalle farat ɗaya alhali gudun mota bai ƙaru ba. Na uku, kuka mai tsini kamar busar sarewa, ko gurnani. Na huɗu, jinkiri: ka sa giyar gaba ko ta baya, sai an ɗauki daƙiƙoƙi kafin ta kama. Na biyar, mota ta rasa ƙarfi bayan doguwar tafiya cikin zafi, ka taka ta ƙi, amma in ka tsaya ta huce sai ta koma daidai.

Wannan ta biyar ɗin ita ce ta fi ba ni tsoro. Kwamfutar mota ce ke rage ƙarfi da gangan idan man giya ya yi zafi fiye da kima, don ta ceci bel. Nufin mai kyau ne, amma ku yi tunanin abin ya same ku kuna tsakiyar wuce tirela da iyali a mota. Kamfanin Nissan da kansa ya tsawaita garantin giyar motocinsa na 2003 zuwa 2010 a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000. Wannan garanti bai biyo motar zuwa wurinmu ba, ga shi kuma zafinmu na Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40.

Kafin ka je gareji, rubuta amsar tambayoyi huɗu: a wane gudu abin yake faruwa, da sanyin safiya ne ko bayan mota ta yi zafi, a hawa ne ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma wane aiki aka yi wa motar na ƙarshe kafin ya fara. Likita ma da bayanin majiyyaci yake farawa.

Mataki na uku: wanke waɗanda ake zargi a banza

Akwai cututtuka masu araha da ke sa rigar CVT. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana sa mota karkarwa, bambancin shi ne za ka ji ta ko mota tana tsaye inji yana aiki. Robar da inji ke zaune a kai in ta tsage, za ka ji ƙwal duk lokacin da ka sa giya. Boris ɗin taya yana gurnani, amma kukansa yana bin gudun mota, kuma yakan canza in ka karkata sitiyari dama ko hagu, alhali kukan famfon giya juyin inji yake bi. Salansa da ta toshe tana hana mota ƙarfi. Batir mai rauni ko wayar da ta yi tsatsa suna rikita kwamfuta har ta riƙa ba da umarnin banza. Duk waɗannan a duba su tukuna, domin gyaransu ya fi sauya giya araha.

Mataki na huɗu: a tambayi kwamfuta

Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Sai dai ƙananan na'urori masu araha sau da yawa kwamfutar inji kaɗai suke karantawa. A nemi wadda ke shiga kwamfutar giya. Lamba P0700 cewa kawai take yi akwai ƙorafi a wajen giya, a je a duba. P0715 da P0720 suna nuni ga na'urorin auna juyin shiga da na fita. P0776 ta shafi bawul mai daidaita matsin mai, P0868 kuwa ƙarancin matsi take nufi. A motocin Nissan, P17F0 da P17F1 lambobin karkarwa ne.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka yarda a goge lamba kafin a rubuta maka ita a takarda, domin goge lamba kashe fitila ne kawai, cutar tana nan. Sannan lamba ba hukunci ba ce, shaida ce. Lambar na'urar auna juyi tana iya fitowa saboda waya ɗaya da ɓera ya ci. Gwani yakan bar na'urar a jone ya fita da motar, yana kallon zafin mai da matsinsa, yana kwatanta abin da kwamfuta ta nema da abin da fuli ya bayar. In suka saɓa, to bel yana zamewa ko matsi ya gaza.

Mataki na biyar: a dubi mai

Malamaina da 'yan uwana, in za ku manta da duk abin da na faɗa, kada ku manta da wannan. Man giyar otomatik na gargajiya ba ya shiga CVT. Kowane kamfani yana da nasa: Nissan tana da NS-2 da NS-3, Honda tana da HCF-2, Toyota tana da TC da FE. In aka zuba wanda ba shi ba, motar za ta tashi lafiya ta bar gareji, amma bel zai riƙa zamewa yana karce fuli a hankali, bayan makonni ko watanni sai a ce ai dama CVT ba ta da ƙarko. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: laifin ba na bakanike kaɗai ba ne, har da mai motar da ya ce a zuba masa mai araha. Ka sayi man da kanka a wurin da ka amince da shi, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, domin akwai jabu a kasuwa.

Da yawa daga waɗannan motoci ba su da sandar auna mai. Ana auna shi ne ta wani ƙusa a jikin giyar, mota tana daidai a kan shimfiɗa, mai kuma yana da ɗumin da kamfani ya ƙayyade, wanda a motocin Toyota da Nissan da dama yake tsakanin digiri 35 da 45. Yawansa cuta ne kamar yadda ƙarancinsa yake, domin in ya yi yawa kumfa yake yi, matsi ya faɗi.

A zuba kaɗan a farar takarda a duba. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya sha zafi. In ya yi kamar madara, ruwa ya shiga. In an buɗe farantin ƙasa, akwai maganaɗisu a ciki: laushin toka-toka a jikinsa ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli yana nufin bel ko fuli ko boris ya fara ci. A duba kuma na'urar sanyaya man da bututunta, da lagireto da fankarsa, musamman bayan ƙurar hunturu ta toshe su.

Hukunci

Bayan waɗannan matakai ne za a yanke shawara. In babu ɓarɓashi, sau da yawa juyen mai na gaskiya da sabuwar matata, ko gyaran waya, ko sauya bawul, sun wadatar. In akwai ɓarɓashi kuma zamewa ta tabbata, sabon mai ba zai mai da ƙarfen da ya zaizaye ba, sai gyara babba ko sauyi. Wanda zai sayi giya ta hannu ya tabbatar lambarta ta dace da motarsa, ya nemi a rubuta masa wa'adin gwaji, a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗora ta. A wasu motocin ma, irin na Nissan, sai an shigar wa kwamfuta bayanan sabuwar giyar kafin ta yi aiki daidai.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Shawarata, a irin zafinmu da ƙurarmu, kada man ya wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000 ba a sauya ba, kuma wanda ya sayi mota ta hannu ya sauya shi tun farko, tunda bai san tarihinta ba. A tsaya cak kafin a koma daga giyar gaba zuwa ta baya. In mota ta kafe a yashi ko taɓo, a nemi masu turi, kada a yi ta fizga gaba da baya. Kada a ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta ranar biki ko Sallah, kada kuma a ja wata mota da ita.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabannin ƙungiya. A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai masu gareji, akwai masu sayar da kayan gyara. Zai yi kyau a tattara sunayensu a raba wa mambobi, sannan a duba yiwuwar sayen na'urar bincike mai kyau guda ɗaya a ajiye a ɗakin koyon sana'a na makaranta, ƙannenmu su koyi aiki da ita, mu kuma mu amfana. Motocin nan ƙaruwa suke yi a titunanmu, masu iya gano cutarsu kuwa ba su da yawa. Yaron da ya ƙware a wannan ba zai zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba.